Koren Allon Ashafa

Ashafa, wanda mutanen unguwar Al-Azizya suka fi sani da Abu Walid, haifaffen Madina ne. Kakansa ya taho daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya yi aikin Hajji, ya zo ziyara, bai koma ba. Ashafa ya tashi da son kwance kaya. Rediyon gidansu ya fara kwancewa, ya sha faɗa, ya mayar da ita tana magana. Da ya girma sai ya kama ɗan shago tsakanin mai wanki da mai sayar da ful, wato dafaffen wake, yana gyaran bidiyo da talabijin. Ba shi da yawan magana, amma ba ya son a tsaya masa a ka yana aiki.

A shekarar 1993 ya je Jidda sayen kayan gyara, ya dawo da wata tsohuwar kwamfuta mai suna Amiga. Abin da ya sa ya saye ta shi ne yadda take ɗaukar allo da yawa a lokaci guda, wani a bayan wani, kowanne da aikin da yake yi. In ka kama saman allon gaba da ɓera, wato ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, ka ja shi ƙasa, sai na baya ya bayyana, kuma babu wanda ya tsaya da aikinsa. Ashafa yakan buɗe na zane, da na rubutu, da wani mai agogo, ya yi ta zuge su yana nuna wa mai ful, wanda bai taɓa gane amfanin abin ba.

Amfanin ya zo daga baya. Na'urar ba ta san Larabci ba, sai Ashafa ya zauna ya zana haruffa da hannunsa, ɗigo-ɗigo, ya adana su a faifai. Ya sayo wani ɗan akwati mai ɗora rubutun kwamfuta a kan hoton bidiyo yayin da ake kwafar kaset. Daga nan masu biki suka fara kawo masa kaset ya sa sunan ango da addu'a da ruwan zinariya. Na maza kawai ake kawowa. Kaset ɗin ɓangaren mata mace ce ke ɗaukarsa a zauren biki, kuma daga hannunta sai akwatin uwar amarya.

Hajiya Sabuwa ta unguwar Bani Harisa ce ta fara shigo masa da na mata. Ƙawar marigayiya mahaifiyarsa ce, shi ya sa yake ce mata Khala, ta san shi tun yana rarrafe. Ta aurar da 'yarta Sundus, kuma tsohuwar Hajiya da ke Kano, wadda ta yi renon yarinyar, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa. Ƙanen Hajiya, Lurwanu, ya zo biki, washegari da la'asar zai ɗaura harami a Bi'ir Ali, miƙatin mutanen Madina, daga Makka sai Jidda sai gida. Shi zai kai wa tsohuwa kwafi mai ɗauke da sunan jikarta.

"Amma ka rantse mini, ya waladi, ɗana," in ji ta. "Fuska ko ɗaya ba za ka gani ba."

"Wallahi, Khala, ba zan gani ba."

"To da me za ka yi aikin, da ƙeya?"

"Ki bar mini wannan."

Dabara ce ta faɗo masa tun tana magana. Ya buɗe wani allo ya shafe shi da kore tas, ya ajiye shi a baya. Ya ja allon sunaye ƙasa har ya rage ɗan tsiri a gindin talabijin. Da ya kunna kaset, koren ya rufe komai, sai ta cikin tsirin nan yake hango darduma da takalma suna wucewa. Sauran aikin kunne ya yi shi. Da ya ji ganguna sun canja, guɗa ta tashi, ya san amarya ta shigo, ya saki sunanta. A zatonsa akwatin allon gaba kawai yake ɗauka, don duk kaset ɗin maza da ya yi, allo ɗaya ne a buɗe.

Da yamma matarsa Ikilima ta biyo ta shagon daga wajen ɗinkinta, ta ce ya kawo ta duba masa a gida, tunda shi ba dama.

"Aikina ne za a duba, Ummu Walid?" in ji shi. Ya sa kaset a kwali, ya manne, ya aika.

Washegari da hantsi yana kwance wata bidiyo sai ga Hajiya Sabuwa, kaset biyu a hannu. Sallamarta a gajarce take.

"Sa wannan ka kalla."

"Khala, ai na rantse."

"Sa, na ce. Babu abin da zai karya maka rantsuwa a ciki."

Ya sa. Kore ne daga sama har kusan ƙasa, ga ganguna suna tashi raɗau, ga takalma suna kai da kawowa a ƙarƙashin sunan Sundus. Ya tura gaba, kore. Ya ƙara turawa, kore.

"Na tara mata cike da falo," in ji Hajiya. "Na dafa shayi, na fito da dabino. Muka zauna muna canki-canka, wannan ƙafar Fatna ce, a'a, Fatna ba ta sa ja. Takalma zan aika wa uwata Kano, ya Ashafa?"

Sai yanzu ya gane cewa duk abin da idonsa ya gani a talabijin, shi kaset ya ɗauka.

"Da tawul ka yafa wa talabijin ɗin ma ai da ya fi," in ji Hajiya.

"Dole a ga inda ɓeran yake, Khala, in ba haka ba ba a iya jan sunan."

"To wa zai gani? Kai dai ba kai ba."

Kwafar kaset ba a yi mata gaggawa. Tsawon bikin shi ne tsawon aikin, kuma rana ta riga ta ɗaga. Ashafa ya ɗauki waya ya kira gida.

Ikilima ta zo da zare a jikin abayarta. Shi kuwa bai ɗago ya dube ta sosai ba. Ya rufe koren allo, ya bar wani wanda babu komai a kansa, wanda hoto ke ratsawa. Ya nuna mata yadda za ta kama saman allon sunaye ta jawo shi sama in amarya ta shigo, ta mayar da shi ƙasa in an gama. Ta gwada, ɓeran ya kufce mata, ta sake gwadawa. Sai ya ɗauki kujera ya fita, ya zauna a bakin ƙofa yana fuskantar titi, Hajiya ta ja ƙofar ta bar ɗan wuri don murya.

Mai ful ya leƙo. "Abu Walid, an kore ka daga shagonka?"

"Shan iska nake."

"A wannan ranar?"

Aiki ya yi ta tafiya. Ashafa yana jin ganguna ta bayan ƙofa, yana jin Hajiya tana faɗa wa Ikilima sunan kowace mace da abin da ta sa. Aka kira azahar, ya je ya dawo, suna nan. Da ya ji kiɗan shigowar amarya ya gabato, sai ya karkata kai.

"Yanzu, Ummu Walid. A hankali."

"Na gani, ai ni ke kallo."

Can sai ya ji ta ce, "Innalillahi. Abu Walid, wani abu ya fito, duk haruffanka ne a jere."

Ta taɓa ɗan maɓallin da ke kusurwa, allon zanensa ya tsallako gaba ya rufe amarya. Ashafa ya miƙe tsaye, hannunsa har ya kai ƙofa, ya tsaya.

"Kusurwar dama, can sama. Sake dannawa."

"Agogo ya fito."

"Sake!"

Sai muryar Hajiya: "Khalas, shi ke nan, ga ta nan ta dawo. Kai, masha Allah, dubi wuyan yarinyar nan."

"A sake daga farko?" in ji Ikilima.

Ashafa ya dubi inuwar da ta fara komawa gabas. Bai taɓa barin aiki ya fita daga shagonsa da tabo yana sane ba.

"A bar shi," ya ce.

Kaset na ƙarewa ya sa su a mota suka nufi Bi'ir Ali. Motocin safa sun cika filin, mutane farare fat suna ta neman tasu. Suka sami Lurwanu ya riga ya yi wanka ya ɗaura harami, ƙafa ɗaya a kan matakalar mota. Hajiya ta miƙa masa kaset. Ya juya shi, ya shafa jikinsa, babu aljihu, jakarsa kuma tana can ƙarƙashin kaya. Ya soke shi a ɗamararsa.

"Ka gaya wa Inna," in ji Hajiya, "in ta ga agogo a tsakiyar biki kada ta tsorata, ta ɗan jira, Sundus na bayansa."

Ashafa bai taɓa ganin wannan kaset ba. Labarinsa dai ya zaga Bani Harisa, koren da na biyun duka, kuma kafin shekara ta juyo mata sun fara kawo nasu, da sharaɗin Ikilima ce za ta zauna a gaban talabijin. Ta ajiye ɗinkin safe, ta koyi sa faifai da jera haruffa. Ashafa ya ci gaba da gyaran bidiyo har lokacin da mutane suka daina kawowa, sannan ya koma gyaran wayar hannu.