Citta Biyu a Gida Ɗaya

Wata shekara ragon da na turke don layya ya fara ramewa tun cikin Shawwal. A gindin rumfarmu yake ɗaure, a unguwarmu ta Umbadda, ƙetaren kogi daga Khartum, ina ganinsa duk sanda na tashi yin alwala. Haƙarƙarinsa suka fito, in zai miƙe sai ya daɗe kamar mai shawara. Na san hukuncin: dabbar da ta rame har ɓargo ya ƙare a ƙashinta ba ta isar wa layya. Halin sayen wani kuma babu. Sai na rasa sukuni. In zauna a buzu, in tashi, in je in shafa bayansa, in dawo in tarar na manta inda na tsaya a lazimi.

Ɗan ƙanwata yana aiki a gonar wata jami'a a Khartum, inda ake gwajin abincin tumaki. Ranar wata Juma'a ya zo, ya tsuguna, ya ja fatar idon ragon ƙasa. Cikin fari fat.

"Jini ne babu, Kawu. Tsutsar ciki ce."

Ya ɗura masa magani. Sannan ya ce a wajensu suna barbaɗa garin janzabil a dusa, suna duba ko zai buɗe wa dabba ciki ya gyara jini.

"Ban ce tabbas ba, gwadawa muke. Kaɗan fa, Kawu."

"Janzabil Larabci ne," na ce. "Citta ake cewa."

"To, citta," ya ce, yana dariya.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ya koya mini ajami a Jazira bayan an taso daga gonar auduga, ba ya son a cakuɗa harshe. Haka na tashi. Don haka na ce wa mai ɗakina, "Hajiya, a riƙa daka citta ana sa masa a dusa."

"Citta? Wa rago?"

"Masu ilimin abin ne suka ce."

Ta daka. Ragon ya sa baki, ya yi atishawa, ya ja baya iya tsawon igiyarsa. Washegari ma haka. Barsim kawai yake ɗan tsinka, wannan ɗanyar ciyawa da muke saye ƙulli-ƙulli, ita kuwa ba ta gina jiki da sauri. Watan Zulƙida ya yi nisa. Na hau mota na haye gada zuwa Khartum cikin rana neman ɗan ƙanwar tawa, aka ce ya yi tafiya. Na dawo da ƙura a rawani, ban ko zauna ba na nufi komin abincin ragon. Na ɗebi dusar na sa a harshe. Wuta ta kama ni har maƙoshi.

"Hajiya, mene ne wannan?"

"Citta mana. Mai ƙwaya, ta yaji, wadda yayata ta aiko daga yamma. Ina ta ɓarnatar da ita a kan ragonka."

"Mai yatsu nake nufi. Wadda kike sa wa gahawa."

Ta ajiye mafici ta dube ni.

"Wannan ai janzabil ce, Malam. Tun da ka aure ni haka nake ce mata, kana kurɓa, ba ka taɓa gyara mini ba."

Aka wanke komin, aka canza zuwa mai yatsu. Ragon ya shinshina ya fara ci. Ko janzabil ɗin ce, ko maganin tsutsa, ko yunwa ce kawai, Allah ne masani. Ni dai kullum ina jan fatar idonsa har ya fara guduna, kuma a hankali farin ya ɗan yi ja.

Jajibirin salla na kira maƙwabcinmu mahauci. Ya matsa gadon bayan ragon, ya kama gindin wutsiya, ya sake shi ya ga tafiyarsa.

"Kitse dai babu, Malam. Amma ya isa layya."

Na ce ya sake taɓawa. Ya ƙi, ya ce raguna na jiransa a gidaje.