Barewar Alhaji da Fulawar Maigidana

Jama'a, yau barewa ta sauke wa maigidana girman kai!

Kuɗin fetur na shigowa albashinsa, ya tumɓuke shingenmu na bini-da-zugu ya watsar a juji, wai shukar ƙauye ce. Na ce, "Malam, shi ne fa dabba ba ta ci." Ya ce, "Tudun Wada ta waye!" Ya dasa fulawa daga Jos.

Da hantsi, barewar da maƙwabcinmu Alhaji ke kiwo don burga ta faɗo gidan. Ta cinye fulawar tas! Malam ya fita yana kumfar baki. Alhaji ya ce, "Yi haƙuri, 'yar birni ce, ba ta cin kayan ƙauye."

Yanzu haka Malam na kan juji, sanye da kwat, yana tsintar bini-da-zugu.