Ranar Da Dodanniyar Japan Ta Yi Magana Da Muryata

Me ya sa mutanen Japan ba sa kashe mugu sai sun fara sa ka ji tausayinsa? Na yi wa mijina Malam wannan tambaya, ya ce shi ma bai sani ba, kuma ya tafi bai gano ba. Ni ma har yau ban gano ba. Amma ku da kuka gaji gidan kallon nan kun ce in ba ku labarin aikinmu, ɗiyata Laure kuma ta zauna da biro tana jira. To ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da wannan hali nasu ya kusa ɓata wa mijina suna. In kun ji na yi shiru, ku bar ni in share ido, zan ci gaba.

Gidan kallonmu a lokacin rumfa ce ta kara da kwano a bayan kasuwar Madarumfa, kan hanyar da masunta ke bi in sun fito daga tabki. Tele ɗaya, bafur ɗaya na ƙara sauti, da gurup mai ba da wuta, mai tari kamar tsohon jaki. Malam shi ne mai fassara. Yana zama gefen tele da mikoro, a rage sautin fim, shi kuma ya riƙa faɗa wa mutane da Hausa abin da ake cewa. Ni ce mai ƙofa. Ina soya ƙosai a bakin rumfa, ina duba masu shiga, kuma ni ke korar yara in fim ɗin ranar na zubar da jini ne. Muna farawa bayan la'asar mu tashi kafin kiran magariba, don Malam bai yarda fim ya hana kowa jam'i ba.

Kada ku ɗauka yana jin Japananci. Ko kalma ɗaya. Faransancin da ke gudu a ƙasan hoto ma sai dai ya tsinci kalma nan da can, don karatunsa na lekol bai yi nisa ba. Saboda haka kullum da hantsi sai mu rufe rumfa mu kalli kashin fim na ranar mu biyu. Shi yana duban abin da hannu ke yi, ni ina duban fuska. Ya ce wannan zagi ne, in ce a'a, roƙo ne, dubi girarsa. Mu yi ta gardama har mu shirya abin da kowa zai faɗa da yamma. Aikin ke nan, kuma a cikinsa na fi jin daɗin aurena.

Fim ɗin da nake magana wani direba mai zuwa Najeriya ne ya kawo mana shi. Zane ne, muka ɗauka na yara ne, sai da muka ga an raba mutum biyu a kashin farko. Labarin wani ƙauyen masunta ne da wata dodanniya da ke ƙarƙashin kogi tana jan mutane. Malam ya raɗa mata suna Uwar Laka, saurayin da ke farautarta kuma Mai Tabo. Masuntanmu suka kamu da shi kamar an yi musu asiri.

A hankali muka gane yadda mutanen nan ke ba da labari. In kiɗa ya tsaya, ba ka jin komai sai kukan gyare, to ka riƙe benci, jini na tafe. In an ɗaga wuƙa, a nan za a yanke fim, sai gobe. In an gama abin tsoro sai kawunansu su kumbura su hau faɗa kan abinci, don zuciyar mai kallo ta huta. In kuwa launi ya koɗe kamar tsohon zane, ba yau ba ne, an koma baya. Wannan na ƙarshe da kunya muka koye shi, don ranar farko Malam ya sanar wa jama'a cewa mamaci ya tashi, rumfa ta ɗauki salati, sai daga baya muka ga ashe tunawa ake yi.

Muryoyi kuwa kowacce da dabararta. In Uwar Laka za ta yi magana, Malam yakan sa bakinsa cikin wani ɗan tulu, murya ta fito kamar daga rijiya. Shi ya sa gari ya koma kiransa Mai Tulu. In mace ce sai ya toshe hanci ya yi ƴar siririyar murya, mutane su kwashe da dariya ko da kuka take yi. Sun saba, kuma suna so.

A cikin masu kallo akwai Nomau, dattijon masunci, wanda benci na gaba ya zama nasa. Tun da Uwar Laka ta cinye wani tsohon mai fito da yake ƙauna a fim ɗin, ya ɗauki gaba da ita kamar ɗan uwansa ta ci. Abokansa har gida suka je yi masa gaisuwa don tsokana, shi kuma ya karɓa. Ya yi alkawari ranar da za a kashe ta zai kawo kifi kowa ya ci. Malam kuma ya riga ya faɗa wa jama'a cewa wannan ne fim ɗinsa na ƙarshe, ƙirjinsa ba ya ɗaukar doguwar magana. Burinsa ɗaya ne: ya tashi daga kujerar nan mutane suna jin daɗinsa, kada a ce Mai Tulu ya ƙare da kwaɓa.

Da hantsin ranar ƙarshe muka zauna kallo. Mai Tabo ya soki Uwar Laka da mashi. Malam har ya fara murmushi, sai launi ya koɗe. Ga wata matashiya a bakin kogi tana kiran ɗanta. Ga ambaliya ta ci gonaki. Ga mutanen ƙauye sun ƙwace yaron sun ba kogi don ruwa ya janye, ita kuma ta bi shi cikin ruwan ba ta fito ba. Ashe ita ce ta zama Uwar Laka. Kusan rabin kashin a nan ya tafi. Da launi ya dawo, Mai Tabo yana riƙe da hannunta tana narkewa.

Malam ya kashe tele ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce su Nomau ramuwa suka zo gani. In ya toshe hanci za su yi wa uwar da aka ƙwace wa ɗa dariya, in ya sa tulu za su yi mata ihu, ko wanne ya yi labari ya lalace a hannunsa. Ya ce mafita ɗaya ce, ya tsallake wurin, daga mashi sai narkewa, babu wanda zai sani.

Na ce, "Malam, tunda muka fara aikin nan ka taɓa satar wa mutane labari?"

Ya ce, "To ke za ki yi ta, tsohuwa?"

Da wasa ya faɗa. Amma ya sake dubana, na ga wasan ya fita daga idonsa. Na ce masa ni da ban san baƙi ba, ban taɓa riƙe mikoro ba, kuma taron maza ne, da furfurata zan je in ba da kunya? Ya tashi ya ɗaura asabari a bayan tele, ya ajiye mini kujera ƴar tsugune a ciki, ya ce babu mai ganina, Laure ta riƙe kasko.

Da la'asar rumfa ta cika har waje. Akwai waɗanda suka zo a amalanke daga Safo, akwai ƴan Gabi da suka ci kasuwa suka ƙi tafiya. Nomau ya shigo da kwandon kifi a ka, ya ajiye shi gaban ƙafarsa. Ni kuma ina bayan asabari ina leƙe. Malam ya yi aikin da ban taɓa jin ya yi kamarsa ba, tulun nan har benci yake girgizawa. Da mashi ya shiga, rumfa ta tashi tsaye, Nomau ya cire hula yana juyi.

Sai launi ya koɗe. Malam ya ajiye tulu a ƙasa a hankali, ya miƙo mikoro ta gefen asabari.

Duk abin da muka shirya da hantsi ya gudu daga kaina. Ina ganin matar ta ramin asabari tana ɗaga hannu, sai bakina ya faɗi abin da nake faɗa wa nawa ƴaƴan lokacin da suke wasa a bakin tabki. Na ce, "Taho gida, rana ta yi. Na ce ka taho, tuwo na hucewa." Wani ya fara dariya a baya, ya ji shi kaɗai ne, ya haɗiye. Da suka ƙwace yaron ban san abin da take cewa da Japananci ba, ni dai na ce, "Ku ba ni shi, bai ci komai ba tun safe." Na yi ta faɗa har ta shiga ruwa.

Ban taɓa jin rumfar nan ta yi shiru irin na ranar ba. Gurup kaɗai ke tari. Da ta gama narkewa na leƙa, na ga Nomau yana goge fuska da hular da ya gama juyi da ita. Na kusa da shi ya tambaye shi lafiya, ya ce hayaƙin ƙosai ne. Aka ce masa ai Laure ta kashe wuta tun ɗazu. Ya yi tsaki, sannan ya karkata kai kamar mai sauraron kifi, ya ce, "Ku dakata. Wagga murya na san ta. Ita ka korar mini jikoki daga ƙofa." Ya taso ya ɗaga asabari, ga ni tsugune da mikoro, hawaye har haɓa.

Abin da ya biyo baya ba zan iya kwatanta shi ba. Masu kuka suna dariya, masu dariya suna tsokanar masu kuka. Ana cikin haka hoton ƙarshe ya nuna ƴar kumfa tana tasowa a kogin, aka fara gunaguni, wai ke nan ba ta mutu ba? Malam ya karɓi mikoro ya ce haka mutanen Japan suke, ba sa rufe ƙofar labari, amma mu nan muna rufewa. Ya yi ƙurunƙus irin na kakanninmu, ya ce abin da ya rage a kogin Japan ya zauna can, tabkinmu lafiya lau, kowa ya shiga jirginsa gobe. Nomau ya ce kifin murna ya kawo, amma yanzu sadaka ce ga yaron. Aka ce masa yaron zane ne. Ya ce ko zane ne, da uwarsa. Muka soya kifin nan a kaskona, kowa ya ci a tsaye, suna zuwa suna riƙe hannun Malam biyu-biyu.

Ku da kuke aikin yanzu, abin da na gani ranar shi ne ba a yanke wa mutane labari don ana tsoron ba za su iya ɗauka ba. Masuncin da ya zo ganin jini yana da wurin ajiye tausayi, in dai an ba shi da muryar da ta dace. Mai fassara kuma ya san abin da bakinsa ba zai iya ba, ya nemi wanda zai iya, ko da mai ƙosai ce.

Da aka kira magariba Malam ya ɗauki buta ya nufi masallaci. A wurin alwala ya zauna bai tashi ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Kafin ya fita ina kankare kasko, ya tsaya a bakin rumfa, man kifi a gemunsa, yana dariyar nan tasa da ke rufe masa ido, ya ce:

"Habsu, gobe ke za ki zauna gaban tele. Ni zan soya ƙosan, kowa ya ci ya yi haƙuri."