Faifan da Kawu Ya Naɗa wa Inna

Kawuna tela ne, kuma ban taɓa ganin mai ƙin sabon abu kamarsa ba. Keken ɗinkinsa ya girme ni, almakashinsa ma da tsumma aka ɗaure hannunsa. Talabijin ɗin falo kuwa ta matarsa ce, Inna. Akwai wasan kwaikwayo mai dogon zango da take bi duk mako, tana kallo tana bayani, tana yi wa 'yan wasan faɗa kamar suna jinta. Kawu na gefe yana sa maɓalli a riga yana mita: "Haba, ki bar mutum ya ji da kunnensa mana!"

Da aka kwantar da Inna a asibiti, shirin da zai wuce ta ya fi ciwon damunta. Sai Kawu ya ce in raka shi shagon kayan lantarki.

Mai shago ya ajiye na'urori biyu a kan kanta. "Wannan kunna faifai kawai take yi, Baba. Wannan kuwa tana naɗar abin da ake nunawa a talabijin, amma sai an koya."

Na ce, "Kawu, ɗauki mai sauƙin mu saya wa Inna finafinai. Kai da ko rediyo sai an kamo maka tasha?"

Ya harare ni. "Finafinai ta ce tana so? Shirinta za ta tarar."

Ya sayi mai naɗar, ya koya kuwa, da gumin goshi. Ya yi wa madannin naɗa alama da allin ɗinki. In lokacin shirin ya yi, sai ya danna, ya kashe sautin, ya juya wa talabijin baya, don ya yi mata alkawarin tare za su gani. Kowane faifai sai ya ɗinka masa 'yar jaka da ragowar yadi.

Inna ba ta dawo gida ba, a asibitin ta rasu.

Kawu bai fasa ba, ya ci gaba da naɗa har shirin ya ƙare. Jakunkunan suka cika kwando, ni kuma duk sanda na gan su sai zuciyata ta karye.

Wata rana na ce, "Kawu, mu kalla tare."

Ya ɗauko faifan farko ya sa. Ba a yi nisa ba ya miƙa hannu ya kashe, ya mayar da shi jakarsa.

Ya ce, "Ba na ganewa. Ita ke yi min bayani."