Bahon da na ajiye wa Ustaz Badamasi

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mijina Malam Habibu a nan Alƙahira, kuma ban yafe wa Ustaz Badamasi ba. Na faɗa tun a layin farko, don wanda zai ce mace mai shekaruna ba ta riƙe mutum a zuci ya juya shafi tun yanzu ya je ya karanta labarin ƙwallo. Ajali na Allah ne, na sani, ba sai an rubuto mini wasiƙa an tuna mini ba. Amma akwai mutumin da aka damƙa wa magana a hannu da safe, ya sa ta a aljihu, mako guda bayan nan aka fita da gawar 'yata.

Mun zo ƙasar nan ne saboda Habibu ya samu tallafin karatun fiƙihu. Muna hawa na huɗu a wani gida a unguwar Madinat Nasr, ni da shi da 'yarmu Rabi mai shekara biyar. A lokacin ko lambar bas ban iya karantawa ba, da lotsawar gefenta nake gane wadda za ta kai ni kasuwa. Abin da na iya shi ne wankan gawa, na koya wurin gwaggota a Gumel. In mace ta rasu a cikin Hausawanmu, ni ake kira. In namiji ne, maza su yi masa wanka, a naɗo mini kayan shimfiɗarsa da tufafinsa in wanke, tunda yawancin ɗaliban gwauraye ne, ba su da mace a nan. Kuma ni ke yin gumbar sadaka. Gero ba ya samuwa a Masar, sai mu jiƙa shinkafa, mu daka ta ɗanya da sukari, mu dunƙula da hannu a raba wa masu zaman makoki. Baho ɗaya gare ni, babba na ƙarfe, mai lotsawa a gefe. A ciki nake wanke kayan mamaci, in ɗauraye shi sau uku da ruwa, in jiƙa shinkafa. Ban taɓa ɓoye wannan ba, kowa yana gani, kuma ba malamin da ya ce bahon bai tsarkaka ba.

Bazarar shekarar da Habibu ya rasu amai da gudawa suka shigo mana. Mutum ya yi sallar asuba da ƙafarsa, kafin la'asar idonsa ya zurma, fatar hannunsa ta yamutse. Rediyo na cewa cututtukan lokacin zafi ne, a riƙa wanke ganye. Mu kuma muna binne 'yan uwa.

Habibu shi ne sakataren ƙungiyar ɗalibanmu, Badamasi shugaba. Habibu mutum ne da ba ya iya barin abu a warwatse. Ko takalman masallaci ya gani sun hau kan juna sai ya sunkuya ya jera. Ya samo littafi ya ja layuka da gefen kwalin ashana, ya fara yawo gida gida yana rubuta waɗanda suka kwanta, har unguwannin Dokki da Giza, da ƙafa in kuɗin mota ya ƙare. Ina masa tsiya, ina cewa, "Malam, fiƙihu aka aiko ka karantawa ko ƙidayar zawo?" Sai ya ce, "Asabe, ko malaman hadisi sai sun tambayi wa ya ji daga wa." Ya dawo ya zauna bakin taga yana cizon fensir. Rabi ta hau bayansa, bai ma san ta hau ba.

Wata safiya ya sa littafin a hammata ya tafi wurin Badamasi. Bayan azahar ya dawo ba littafin, yana dafa bango. Kafin a sauko da shi zuwa asibitin masu zazzaɓi, ya riƙe hannuna ya ce, "Na yi wa Shugaba bayani duka. Zai zo ya same ki. Duk abin da ya ce, ki yi." Ba a bar kowa ya shiga inda aka kwantar da shi ba. Kwana biyu ya yi.

Badamasi ya zo ya same ni, gaskiya ne. Ya tsaya bayan labule ya yi mini ta'aziyya da Larabci mai daɗi, sannan ya aiko da shinkafa da sukari. Ya ce sadakar uku ta Malam Habibu dole ta fi ta kowa kyau, don akwai manyan baƙi da suka zo daga gida duba lafiyar ɗalibai, za su halarta. Na wanke zanin gadon da Habibu ya kwanta a kai a bahona, na ɗauraye shi sau uku. Ina takaba, don haka matan maƙwabta suka jiƙa shinkafar a ciki suka daka.

Ranar sadakar Talata ce. Ina ƙuryar ɗaki, ƙofa a ɗan buɗe. Badamasi mutum ne mai son gumba, ya ci biyu ya sa ta uku a aljihu, har waƙa ɗalibai suka yi masa a kai. Ran nan da aka miƙa masa faranti sai ya ɗaga hannu. Wani ɗan Damagaram ya ce, "Ustaz, yau kuma gumba ta yi maka laifi?" Ya ce, "Azumi nake." Na gan shi da idona ya sa ƙafa ya matsar da farantin daga gaban baƙin, ya buɗe musu lemon kwalba da ya zo da shi. Na ɗauka girmama baƙo ne. Farantin ya zagayo ya shigo wurin mata. Rabi ta ɗauki dunƙule biyu, ni na ce ta ɗauka, don tun rasuwar ubanta ba ta ci abin kirki ba.

Ran Juma'a ta bi shi.

Ban koma gida ba. Mutane sun yi ta magana, wai me mace za ta zauna yi a ƙasar Larabawa ba miji. Kaburbura biyu gare ni a nan, shi ya sa. Na kama sayar wa ɗalibai tuwo da miyar kuka. Takardun Habibu na ɗaure su a akwati, tunda akwai sunan Allah a ciki ba a zubarwa. Shekara takwas ina kwana kusa da akwatin nan ban san abin da ke ciki ba.

Sai Allah ya kawo Malama Hauwa, matar wani ɗalibin likitanci a Giza, ta buɗe ajin manya a falonta. Na shiga ina da furfura, da yatsu da suka saba da muciya, fensir na suɓuce mini. 'Yan matan ajin suna dariya a ɓoye, na ce su yi a fili, na fi su buƙatar karatun. Da na fara haɗa baƙaƙe, na buɗe akwatin don in ga rubutun mijina kawai. A bayan takardun darasinsa na tarar da layukan nan na kwalin ashana. Ashe duk abin da ya sa a littafin sai da ya fara zana shi a nan, da boko, da Hausa, don kada mai gadin gida ya gani ya karanta.

Mako uku na yi ina bin su da yatsa. Suna, gida, ranar da mutum ya kwanta, inda ya je kafin nan, abin da ya ci. Da fari ya zargi tankin ruwan saman gidanmu, sai ya soke, saboda waɗanda ke Dokki ba ruwanmu suke sha ba. Ya zargi mai sayar da wake na bakin titi, ya soke, saboda Misirawan layinmu suna ci kullum suna nan garau. Sannan ya ƙara wani layi: wa ya je zaman makoki. Nan abin ya fara jeruwa. Bayan kowace sadaka, kwana biyu ko uku, sai a samu sababbin marasa lafiya, kuma a cikin waɗanda suka zauna ne. Amma bai tsaya nan ba, kuma wannan ne ya sa har yau nake ganin ba a yi mai hankalinsa ba. Ya koma ya nemi waɗanda suka je makokin ba abin da ya same su. Wani tsoho mai ciwon sukari da ba ya taɓa zaƙi. Wasu da suka zo suna azumi. Wani da ya iso an riga an cinye. A ƙasa ya rubuta kalma ɗaya ya ja mata layi biyu: gumba. Ƙarƙashinta, da ƙaramin rubutu, bahon Asabe.

Shafin ƙarshe ga abin da ke ciki, na haddace shi: "Na kai wa Shugaba yau da safe. Ya karanta sau biyu. Ya ce a bari sai baƙi sun tafi. Ya ce shi zai gaya wa Asabe da kansa a hankali, don kada mutane su ji su kira ta mayya. Cikina yana juyawa."

Na kai wa mijin Malama Hauwa takardun. Ya daɗe yana dubawa, ya ce haka ake koya musu bin diddigin annoba, kuma ɗauraya da ruwan sanyi ba ta kashe ƙwayar kwalara. Na ce to. Na tattara takardun na koma gida.

Kada wani ya ce na sauke laifi a kan Badamasi don in wanke kaina. Bahona ne, hannuna ne. Waɗanda suka kamu kafin safiyar nan, har da Habibu, ina ɗauke da su, kuma zan je da su gaban Allah in ce ban sani ba. Shi fa me zai ce? Na san hujjarsa, an kawo mini ita. Wai in magana ta fita hukuma za ta rufe gidajenmu, a gano waɗanda takardar zamansu ta ƙare, a kwashe su a mayar gida, baƙin kuma su rubuta cewa ɗalibai na cikin haɗari a yanke tallafi. Na ji. Wa ya ce ya je wurin hukuma? Hawa huɗu zai hau ya ce, "Asabe, kada a yi gumba." Ko dalili ba sai ya ba ni ba, mijina ya riga ya ce in bi maganarsa. Maimakon haka shinkafa ya aiko. Kuma kada a ce bai yarda da lissafin ba. Wanda bai yarda ba ba ya ƙirƙiro azumi ran Talata.

Wani lokaci ina tunanin abin da Habibu zai ce in ya leƙo yau. An haƙa rami ƙarƙashin birnin nan jirgin ƙasa na gudu a ciki, na tabbata sai ya tsaya ya ƙirga tashoshin. Zai ga gishiri da sukarin da ake damawa a ba mai gudawa, har a talabijin ana koya wa iyaye mata, ya zauna yana tuna Rabi. Zai ga kuma har yanzu in cuta ta shigo, abin da manya ke fara tambaya shi ne wa zai ji, kafin su tambayi mutum nawa suka kwanta. Wannan ba zai ba shi mamaki ba. Na san zai ce in yi haƙuri, don shi mai sanyin rai ne. To shi ke nan, shi ya yi nasa haƙurin, ni ba irinsa ba ce.

Abin da ya rage nasa ba shi da yawa. Bai gama digirin ba, ba makarantar da aka sa wa sunansa. Amma a cikin matanmu na Alƙahira yanzu, wadda ta taɓa gawa ko kayan mamaci ba ta shiga kicin ranar, kuma gumba sai an turara ta. Ni na kafa wannan, da faɗa, har wasu suka daina gaishe ni. Ina da littafina ni ma, da layukan da na ja da kwalin ashana. In aka ce wane ba shi da lafiya, nakan je in tambayi ina ya je, me ya ci. Suna kirana Hajiya 'Yar Sanda. Su kira.

Badamasi ya koma gida tuntuni, ya zama babban mutum, ana sa shi a gaba wurin ɗaurin aure. Watan jiya ya dawo Alƙahira a yi masa aikin ido, ya sauka a Dokki. Ranar Litinin da la'asar ya hau hawa huɗun nan da ya kasa hawa da magana shekara goma sha biyu da suka wuce, yana haki, da sanda.

Ya ce, "Hajiya Asabe, za a sa ni barci a yi mini aiki, rai kuma ba tabbas. Ina zagaya tsofaffin 'yan uwa. A yafe mini abin da na sani da wanda ban sani ba."

Na ce, "Wanda ba ka sani ba na yafe. Faɗi wanda ka sani."

Ya ce, "Ma'alish, Hajiya, a yi haƙuri, abin da ya wuce ya wuce."

Na ce, "Ina littafin Malam?"

Ya dubi silin. Ya ce ƙaura ta yi yawa, takardu sun ɓace. Ya sha ruwan da na ba shi, ya yi addu'a doguwa, ya sauka.

Bahon nan ban yar da shi ba. Tun ranar da na karanta shafin ƙarshe na ƙone cikinsa da tafasasshen ruwa, na kife shi a saman kabad. Da yammar nan na sauko da shi, na jiƙa shinkafa.

Washegari da safe na daka, na turara, na dunƙula, na jera a cikin bahon, na rufe da farin ƙyalle. Na sa takardun Habibu a jaka na hau ƙaramar bas zuwa Dokki da baho a cinya. Falon masaukinsa cike yake da ɗalibai da suka zo gaida shi. Na ratsa su na dire bahon a gabansa, ya ga lotsawar gefensa, ya gane shi. Na tsaya a tsaye na karanta shafin ƙarshe da ƙarfi, ban yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Sannan na yaye ƙyallen na tura masa bahon har ya taɓa gwiwarsa.

Na ce, "Bismillah, Ustaz. Sadakar Malam Habibu ce da Rabi. Yau ma Talata ce, ko kana azumi?"