Watan Inna Luba da tirelar rodi

Duk wanda ya taɓa tsayawa Magama ana duba mashi takardu ya san shagon Ya'u mai dish. Shi ne na ƙarshe kafin shingen kwastan, da faranti uku na kama tashoshin talabijin a kan rufi kamar an shanya kwanonin biki. Ya'u ɗan Daddara ne. Boko bai yi nisa da shi ba, amma tun yana ƙarami ba a ajiye rediyo kusa da shi a dawo a iske ta da hanjinta a ciki. Shekara goma sha biyar ke nan yana hawa rufin mutane yana juya faranti har hoto ya fito, daga Bugaje har Ɗan Isa cikin Nijar.

Uwarshi, Inna Luba, ita ce mai ganin wata a Daddara. Ƙarshen azumi maza na kan tudu suna ta ƙifta ido, ita kuwa tana bakin rumbu da ludayi a hannu, sai ta ce, “Ga shi can, kamar an yanke farce.” Sanarwar Sallah ta rediyo take zuwa, kuma tana bi, amma ba ta jiƙa shinkafar waina sai ta ga nata da idonta. Sai yanar ido ta sauko mata. Tana gane mutum, tana gane haske, jinjirin wata dai ya fi ƙarfinta. Ta dawo gidan Ya'u da zama, ta yi Sallah uku ba ta gani ba. “Sallar an ce” take kiran su. Da yake Ya'u ɗan fari ne, ba ta kama sunanshi, magana ma sai ta bi ta kan matarshi Rahama.

Wata rana wani direba ya sauke kayan gwanjo, a ciki da wani farin bututu mai tsawon taɓarya, da gilashi a baki. Madubin hangen nesa ne, ba ƙafa ba komai. Ya'u ya leƙa, ya ga hankaka a kan eriyar da ke tsallaken boda har yana iya ƙirga gashinta. Nan take ya ce a ranshi, bana Inna za ta ga wata.

Sai dai abin ɗan gurbi kaɗan yake nunawa a sama. Neman jinjirin wata da shi da hannu, allura ce cikin ruwa, ga watan ba ya jiran kowa, kafin a gama buɗa-baki ya faɗi. Ya'u ya ce to ƙarfen ne zai nemo da kanshi. Ya samo injin juya faranti guda biyu, ɗaya na kai bututun hagu da dama, ɗaya na ɗaga shi. Ya ɗaure tsohuwar waya a gindi, mai kamfas, ita ke faɗin inda arewa take. Sannan ya zauna gaban wata kwamfuta mai tsagaggen gilashi yana rubuta mata umarni layi-layi, yadda ya koya wurin masu irin wannan hauka a intanet: tambayi waya arewa, lissafa inda wata yake yanzu, juya inji kaza, bi shi a hankali.

“Ka koya ma ƙarfe jin magana,” in ji Rahama. “Saura kai.”

Lokacin an rufe boda. Motoci sun yi layi har ba a ganin ƙarshensu, wata tirela shaƙe da rodin gini ta zo ta lafe a jikin shagon, taku biyu daga inda ya kafa abin. Direbanta, Obadiya, ya zama ɗan gida, wata bakwai yana cin tuwon Rahama. Duk gwajin da Ya'u ya yi, bututun sai ya kauce hagu, kuma daidai gwargwado ɗaya kullum. Da mai tambaya ne da ya ce don mi. Shi kuwa gwanin faranti, wanda ya saba a matsa kaɗan hoto ya fito, sai ya ƙara layi ɗaya: in ka gama lissafi, koma dama da digiri goma sha ɗaya. Shi ke nan, abu ya zauna. Ran da wata ya cika, ya danna maɓalli, inji ya yi ƙugi ya tsaya cak a kanshi. Obadiya ya leƙa ya ce, “Ya'u, ashe can ma hanyar duk ramuka ce.”

Tsakiyar azumi aka buɗe boda. Magama ta ɗinke da odar motoci da guɗa, Obadiya ya tashi tirelarshi yana ɗaga hannu. Aiki ya rufe Ya'u, kowa na son farantinshi ya gyaru kafin Sallah, sati biyu bai ko buɗe bututun ba.

Ranar talatin ga azumi, gobe Sallah, ya ajiye ma Inna Luba kujera tun rana na ja. Labari ya riga ya zaga. Mai shayi ya bar tebur, 'yan canji sun zo, har wani babban kwastan da tumbinshi. Rana ta faɗi. Ya'u ya danna, inji ya juya ya tsaya. Ya leƙa, sama fayau, ba komai. Ya sake dannawa, nan dai ya koma. Ladan ya ɗaga murya, mutane na miƙa ma juna dabino, shi gumi na bin bayanshi.

Inna Luba ta miƙa hannu ta shafa bututun daga gindi har baki, sannan ta juya fuska wajen jan da rana ta bari.

“Rahama, tambayi mijinki, abin nan wata yake nema ko Maraɗi za shi?”

Aka tuntsire da dariya.

“Inna, lissafi ba ya ƙarya,” in ji Ya'u.

“To ki ce mashi wani ya yi mashi ita. Rana can ta faɗi, bayan giginya. Watan wanga lokaci bisa kanta yake tsayawa, ɗan hagu kaɗan. Shekara arba'in muna gaisawa da shi, ban taɓa iske shi hanyar Maraɗi ba.”

Ya'u ya bi bututun da ido, ya ga lallai ya yi dama da yawa. Ya waiga, sai idonshi ya faɗa kan filin da ke jikin shago, ba komai sai sawun taya da baƙin mai. Tirelar Obadiya! Ƙarfen rodin nan ne ke jan kamfas ɗin wayar wata bakwai, shi kuma ya rubuta ma ƙarya magani. Ƙarya ta tafi Nijar, magani ya zauna.

Ya durƙusa gaban kwamfuta, ya nemo layin ya goge. Ya danna. Inji ya yi ƙugi, bututun ya taho hagu a hankali kamar raƙumi na waiwaye, ya tsaya bisa giginya. Ya leƙa. Sai ya kama kujerar da tsohuwar a kai ya matso da ita.

Ta kafa idon dama, wanda ya fi dama-dama. Ya murɗa mata gilashi kaɗan-kaɗan. Inji na ɗan kuka yana bin wata.

“Tsaya nan,” ta ce. Shi ta faɗa ma wa, ba Rahama ba.

Ta daɗe tana kallo. Leɓenta na motsi da addu'ar ganin wata. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Ƙahonninshi sama, ya kwanta kamar sakaina. Ya rame, amma shi ne. Rahama, je ki jiƙa shinkafa. Ki kawo ma mijinki ruwa, tun ɗazu bai buɗa baki ba.”

Babban kwastan ya gyara murya. “Hajiya, a ɗan ba mu mu ma mu gani.”

“Ɗan nan, mutane nawa ka tsayar a layi bana? Bi layi.”

Ya kuwa bi, bayan mai shayi.