Sadakar da Kaka ta yi da wuri

Ina aji biyu a kolej allura ta soki yayata. Tana aikin shara a wani ƙaramin asibiti a Cadjèhoun. Ran nan tana ɗaure bakin leda, wata allura da aka riga aka yi wa mara lafiya ta huda safar hannunta ta shiga babban yatsa. Nan take suka ɗebi jininta suka yi gwajin sida, wato ƙanjamau, suka ce babu komai, suka ba ta ƙwayoyin da za ta sha wata guda.

Kaka ta riƙe "babu komai" ta watsar da sauran. Washegari ta sa aka soya masa, aka raba wa yaran layinmu na Zongo sadaka. Ni ce mai riƙe da kwano. Na lura Yaya ko ɗaya ba ta ci ba. Tana zaune bakin ƙofa tana matsa yatsan, wurin ɗan ɗigo ne kamar cizon sauro.

Ba na iya tambaya a gaban mutane. Na bari sai da muke wanki mu biyu.

"Yaya, ba sun ce babu komai ba?"

"Sun ce babu komai a jikina kafin allurar. Na bayanta ba su sani ba tukuna."

"Ai jinin ɗaya ne."

Ta matse zane ta miƙo mini in shanya. Ta ce gwajin nan ba ƙwayar cutar yake gani ba. Idan ta shiga, jiki yakan haɗa abin yaƙarta, shi ake nema. Jiki kuwa ba ya haɗa shi a kwana ɗaya. Wani makonni kaɗan ya bayyana, wani ya daɗe, shi ya sa aka ce ta riƙa komawa, na ƙarshe bayan wata uku.

Abin ya tsaya mini a rai. Ashe jini ma yana iya sanin abu ya yi shiru. A lekwal sai in tsura wa jijiyar hannuna ido, har malam ya kira ni ban ji ba.

Da Kaka ta ji labarin akwai sauran gwaji ta ajiye carbinta.

"To, masata fa? Likitocin nan sun ci mini shinkafa a banza."

"Ladanki na nan, tsohuwa," in ji Yaya. "Ke ce kika yi azarɓaɓi."

"Ja'ira. Da ba don yatsanki ba, da na mare ki."

Daga ranar kuwa, ita ke tuna mata ƙwaya kowace safiya, tana tsaye a kanta sai ta haɗiye.

Ranar gwajin ƙarshe Yaya ta ce in raka ta. Muka hau zem ɗaya, babur ɗin haya, ina tsakiya, hannunta da sanyi a cikina. A asibiti nas ta ɗiga jinin Yaya a kan wani ɗan farin abu mai tsawon yatsa. Yaya ta juya fuska ga bango. Ni na kalla, ja yana rarrafawa a hankali, layi ɗaya ya fito ya tsaya. Ban san ma'anarsa ba, na dubi nas.

"Babu komai. Wannan karon kina iya gaya wa gida," ta ce wa Yaya.

Yaya ta tashi, sai kuma ta koma kan benci. Ta ce in je waje in sayo mata ruwan sanyi, kada in yi sauri.